Tagar da Ke Kallon Gidanmu

Masu turo mini saƙo suna cewa ina ja wa bawan Allah rai, na gani, na kuma gode. Har da wadda ta rubuta cewa in ba na so in ba ta lambarsa. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ba a kai nan ba tukuna. Ku dai gyara zama ku ji yadda taga guda, wadda ko gilashi ba a sa mata ba, ta nemi ta raba ni da mutumin da nake so.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, ina aiki a wani kantin magani. Yayyena duk sun yi aure sun watsu garuruwa. Tun da Allah ya yi wa Ummanmu rasuwa gidan ya rage daga ni sai Baba, sai kuma ƙanwarsa, Gwaggo, wadda ba a gidan take kwana ba amma ta fi mu sanin inda kowane cokali yake. Shi kuwa mutumin nawa zanen gidaje ne sana'arsa. Gwaggo ce ta raɗa masa Ɗan Bene, sunan ya bi shi. Ni da na yi ta masifa a daina, yanzu da shi na ajiye lambarsa a wayata.

Asalin sunan kuwa daga ranar da ya kawo zanen gidan da zai gina mana ne. Fili ya saya a kan tudun da ke saman unguwarmu. Ya zo cikin farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, biro biyu a aljihu, turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo, sannan ya warware wata doguwar takarda a kan kafet. Ya danne gefe ɗaya da rimot, ɗaya da kofin shayi, ɗaya da wayarsa, na ƙarshen kuma Gwaggo ta taka da ƙafa.

Ta ɗora tabarau a kan hanci ta leƙa. "To, ina falon?"

"Yana sama, Gwaggo."

"Kicin fa?"

"Shi ma yana sama. Da wurin cin abinci, da baranda."

"Ikon Allah. To me ke ƙasa?"

"Ɗakunan kwana."

Gwaggo ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Sai ta kama takardar ta juya ta, sama ta koma ƙasa. "Yawwa, yanzu na ga gida. Ɗazu a kife ka ba ni."

Ni dai ina bakin ƙofa da farantin lemo, dariya na neman shaƙe ni. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya gyara zama ya fara bayani da wannan muryar tasa mai sanyi. Wai in kana ƙasa a filin nan, katangar maƙwabta kawai za ka gani. In ka hau sama kuwa, ta gabas ana hango kogi da duwatsun da ke bayansa. Ɗakin kwana barci ake yi a cikinsa, ido a rufe, to me zai yi da kallo? Gara a ba wurin da ake wuni. Kuma ɗakunan ƙasa za su fi sanyi, tunda benen ya tare musu rana.

"Buhun shinkafa fa? Wa zai hau da shi?"

"Akwai ƙugiya da igiya ta barandar baya, Gwaggo. Daga mota sai sito."

"Wato 'yar ɗan'uwana za ka mayar mai jan guga. Tukunyar gas fa?"

"Tana ƙasa, bututu ne zai hau."

"Baƙo ya shigo, sai ya bi ta ƙofar ɗakin kwananku yana leƙe?"

"A'a, daga bakin ƙofa matakala za ta ɗauke shi kai tsaye. Mai faɗi ce, kuma akwai wurin hutawa a tsakiya. Benci ma zan sa a wurin."

"Bencin wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na duk wanda ya gaji, Gwaggo."

"Ka ji ɗan nema! Ni ce mai gajiyar ko? To Allah ya shirye ka, Ɗan Bene."

Duk wannan abin Baba yana kan doguwar kujera, ƙafarsa a kan matashi, sandarsa a jingine, jarida ta rufe masa fuska. Sai dai ina ganin jaridar tana ɗan girgiza.

Yanzu bari in gaya muku abin da ban gaya wa kowa a gidanmu ba. Ni gidan ya yi mini. Mai gidan ma ya yi mini, wallahi har cikin raina. Matsalata ƙafar nan ce da ke kan matashi. Bara Baba ya zame a banɗaki ya bugu a gwiwa, kuma tun daga lokacin ƙafar ta ƙi komawa daidai. Ni ke ba shi maganin safe, ni ke dafa ruwan gasa ƙafar, ni ke shafa masa man zafi, ni ke ɓoye gwangwanin sukari a bayan tukwane. In na tafi, wa zai yi? Mutum ne da ko yunwa na cinsa ba zai buɗe baki ya ce wa wani zuba mini ba. Zancen ya biyo ni gidan miji kuwa, ko a mafarki. Kuma da zai ji cewa saboda shi nake zaune, ransa ba ƙaramin ɓaci zai yi ba, ranar ma ina jin da sandar zai raka ni har tudun.

Shi ya sa na laɓe a bayan zane. Yau in ce kicin ya matse. Ya gyara ya kawo. Gobe in ce sito ya yi nisa da murhu. Ya gyara. Jibi in ce banɗakin baƙi yana kallon wurin cin abinci, wa zai iya haɗiye loma? Ya ce gaskiyata, ya sake zanawa. Gwaggo kuwa ta buɗe mini wuta ta waya. Saƙon muryarta in ya shigo, sai na gama wanke-wanke bai ƙare ba.

"Ke Auta, aure za ki yi ko kwangilar gini kika karɓa? Mutanen nan sun aiko, sun sake aikowa, bakina ya gaji da cewa yarinya tana nazari. Nazarin me? Jarrabawa za ki zauna? Sa'anninki suna goye da na biyu, ke kina nan kina matsar da sito!"

In ta zo gida ta ɗora daga inda ta tsaya, sai Baba ya sauke jarida ya ce, "Ki bar ta mana, ta bi a hankali." Sai in ji tausayinsa ya ƙara kama ni, in ce a raina, ka ga bawan Allah, tsoron kaɗaici yake ji ya kasa faɗa.

Ɗan Bene ne ya gano ni. Wata ranar ya zo ɗaukata daga aiki, na shiga mota na fara, "Na yi tunani, ƙofar barandar nan…" Sai ya kashe motar.

"Likita." Haka yake kirana, wai tunda ina sa farar riga. "Ba ƙofa ce matsalarki ba. Ba kicin ba ne, ba sito ba ne. Baba ne, ko?"

Jama'a, ban san sanda kuka ya ƙwace mini ba. Kwalli ya bi kumatu, hoda ta tafi, na ƙarar masa da kwalin tishu. Bai ce in yi shiru ba. Ya bari na gama, ya kai ni gida, ya ce in gaida Baba.

Bayan kwana biyu hoto ya shigo wayata. Ashe tudun ya je, ya ɗaure wayarsa a kan wani dogon katako, ya ɗaga ta daidai tsayin da tagar bene za ta kai, ya ɗauko ɓangaren yamma. Babu kogi, babu dutse, rufin kwano ne kawai, wani sabo wani ya yi tsatsa, da wayoyin wuta a harɗe. A tsakiya ya zagaye wani wuri da jan layi. Na buɗa hoton da yatsu, sai ga tsakar gidanmu.

Saƙonsa ya biyo baya: "Babbar tagar falo nan za ta kalla. Kogi ya yi haƙuri da ta kicin. Zan sauke bakin tagar ƙasa-ƙasa, yadda ko kina zaune a kujera za ki hango ko ya fito shan iska. In kin ga abin da bai yi miki ba, gangarowa ce kawai."

Na karanta, na sake karantawa, na kifa wayar a ƙirji. Wani saurayin turare yake kawowa, wani agogo, ni nawa taga ya ba ni. Na rubuta masa: "Ranar da na tsaya a tagar nan na hango Baba da idona, ranar zan ba ka amsa."

Ya turo: "Magini zai sha wuya a hannuna."

Gini kuwa ya tashi. Kullum da hotonsa: an haƙa tushe, an jera bulo, an ɗaure rodi, an zuba dakin, wato kankaren daɓen bene. Ni har na fara leƙa shagon labule in na taso aiki, ina taɓa yadi ina tambayar ko yana kama datti. To daga zuba dakin ɗin nan ne mutumina ya canza.

"Likita, na sake tunani. Ranar yamma za ta dafa falon nan."

"Ba ka ce za ka fito da rufin baranda ya tare ta ba?"

"Na ce. Amma akwai hayaƙin unguwa."

"A unguwar aka haife ni, hayaƙin bai kashe ni ba. Yaushe za ka kai ni in hau?"

"Matakala ba ta bushe ba."

Mako ya zagayo, na sake tambaya. Ba ta bushe ba. Wani makon ma haka. Na rubuta masa: "Wannan matakala ce ko wankin bargo?" Ya turo mini fuskar dariya, ya ce aiki ya taso masa, sai an jima.

Ku da kuke cewa ina ja masa rai, ku faɗi gaskiya, in ku ne me za ku ɗauka? Ni dai zuciyata ta ce mini: shi ke nan, ya ga kin sauko, zai fara janye alkawari ɗaya bayan ɗaya. Yau taga, gobe ya ce zuwa gida kullum ya yi yawa. Abin ya ci ni ƙwarai, don ban taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma ga shi yana ta kame-kame kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Har Baba ya lura. Ina shafa masa man zafi ya ce, "Auta, ƙafar ce ta yi miki laifi? Sassauta mana."

Sai ga saƙon da ya ƙarasa ni, da safe ina tsaka da jera kwalaye a kanta: "Yau magini zai ja bangon yamma. Na ce ya rufe shi duka, a bar ƙaramar taga can sama saboda iska. Za ki ji daɗin kogin, wallahi."

Ban ba shi amsa ba. Na bari rana ta karya, na ce wa mai kantin kaina na ciwo. Ba ƙarya na yi ba, yana ciwon. Na shiga bayan kanta na cire farar rigar aiki, na gyara doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, na sake ɗaura ɗankwali, na yafa mayafi, na ƙara jan baki. Ni ba na zuwa faɗa da fuska a bushe. Kuskurena ɗaya, takalmi mai tsini.

Daga sauka a bakin filin tsinin ya nutse cikin yashi. Na zaro shi, ɗayan ya nutse. Haka na ratsa tsakanin tulin bulo da buhunan siminti ina tafiya kamar kaza a kan tabarma mai santsi. Ɗan Bene yana tsaye da hular kwano a ka, yana nuna wa wani dattijon magini wani abu a takarda. Yana ɗago kai muka haɗa ido, nan take ya sha jinin jikinsa.

"Likita! Ke da aiki?"

"Na zo duba mara lafiya. An ce mini matakala ce ta ƙi bushewa."

Maginin ya ce, "Matakala? Ai tuni, ranki ya daɗe. Da buhun siminti muke hawanta."

Ɗan Bene ya yi masa wani kallo. Dattijon ya ja kwanon kwaɓinsa ya yi gaba yana tari.

Na tuɓe takalman na riƙe a hannu, na tattare riga, na fara hawa. Yana biye da ni yana magiya: babu abin dafawa, akwai ƙusoshi, in bari gobe, in bari ya share. Ko waiwaye ban yi ba.

Saman fili ne fetal, sai ginshiƙai tsaye da rodi ya leƙo ta kansu. An ja layuka da alli a ƙasa, an rubuta "falo", "kicin", "sito". Iska ta buge ni har sai da na dafe mayafi. Ya yi wuf ya sha gabana, ya juya ni gabas.

"Kalli nan tukuna. Don Allah kalli."

Na kalla. Ba zan yi muku ƙarya ba, wurin ya haɗu. Kogin yana kwance yana sheƙi, kwale-kwale biyu a kansa, duwatsun can baya sun yi shuɗi-shuɗi, fararen tsuntsaye suna sauka a gaɓa. Mutum zai iya yanka albasa a nan ya manta da yajin ido.

"Ya yi kyau," na ce. "Matsa."

"Likita, ki saurare ni. Akwai abin da…"

"Ka yi mini alkawari ko ba ka yi ba?"

Sai ya cire hular kwanon ya matsa gefe.

Bangon yamma ya kai gwiwa, simintin ko bushewa bai yi ba. Na tsaya a bakinsa na fara laluben gidanmu cikin rufin kwanon nan. Ga tankinmu shuɗi. Ga igiyar shanya da zanin gadon da na shanya da safe. Ga bishiyar gwaibarmu. Ashe kusa ne sosai, har tsintsiyar da na jingine a bango ina gani.

Sai na ga reshen gwaibar yana rawa.

Wani mutum ne tsaye a kan kujerar katako, cikin shuɗiyar jallabiya, ya miƙe har da ɗage. Ya saƙalo reshen da kan sanda yana janyowa. Na ce a raina, ɓarawo. Na ciro waya na buɗe kyamara na jawo hoton kusa.

Jama'a, Baba ne.

Baban da na bari da safe yana cije leɓe kafin ya kai banɗaki. Baban da nake tallafa ya zauna, in tallafa ya tashi. Ya tsinko gwaiba ya jefa, ya tsinko wata ya jefa, sannan ya diro daga kan kujerar. Dirowa fa, da ƙafa biyu! Har da ɗan karkaɗe hannu irin na wanda ya gama aikin bajinta.

Wa yake jefa wa? Wata mata ce a ƙasa ta tara bakin mayafi tana cafewa, tana dariya har tana dafe ciki. Na ƙara jawo hoton. Anti Nas ce, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ke layin bayanmu, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ni da ƙafata na je har gidanta lokacin da Baba ya faɗi, na roƙe ta ta riƙa leƙa shi in ina wurin aiki, ta auna masa jini ta duba gwiwar. Duk sanda muka haɗu a hanya sai ta langaɓe kai ta ce, "Ƙafar nan sai a hankali, 'yata, irin wannan ba ta son gaggawa." Yau ga ta cikin leshi ruwan hoda, da 'yan kunne masu lilo. Wa ke sa leshi ya je awon jini?

Na juyo. Ɗan Bene yana kallon ƙasa yana tura wani ɗan dutse da takalmi.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka zuba dakin. Na hau in ɗauko miki hoto, sai na ga… na ga yana koya mata hawa keke."

"Keke!"

"Na yayanki, wanda ke sito."

"Shi ne ka kasa gaya mini?"

"Haba Likita. Baba ne fa. Da wane bakin zan ce na hau bene na leƙa surukina? Na yi kwana da kwanaki ba barci."

"Sai ka ce a toshe taga."

"To ya zan yi? Bulo ba ya jin kunya, ni ina ji."

Dariya ta kufce mini, irin wadda ba ka shirya mata ba. Na yi ta yi har na durƙusa a kan layin allin da aka rubuta "falo". Wato in ƙafa ta warke, me zai kawo Anti Nas gidan? Shi ya sa ta ƙi warkewa. Ni kuma ina can ina matsar da sito saboda ƙafar. Man zafi nawa na ƙarar a kan lafiyayyiyar gwiwa, oh ni!

Na miƙe ina share ido na sake leƙawa, sai dariyar ta ɗauke. Sun koma inuwa. Baba ya jawo wata kujera ya kakkaɓe ta da hularsa, ya gyara mata. Kujerar Umma ce, mai saƙar roba kore da fari, wadda take zama a kai tana tsince shinkafa. Tun da ta rasu ko Gwaggo ba ta taɓa zama a kai ba. Ni ke goge ta duk safiya in mayar da ita gindin bango. Anti Nas ta ɗan tsaya, ta shafa hannun kujerar, sannan ta zauna a bakin-bakinta.

Abin ya soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Na ji kishi, na ji haushi, na ji kewar uwata ta taso mini sabuwa fil. Amma kuma ina kallon fuskar Baba a wayar, rabon da in ga haƙoransa a waje haka har na manta. Ɗan Bene ya matso kusa, ya karɓi takalman daga hannuna ya riƙe mini.

Na fita daga kyamara na danna lambar Baba.

"Me za ki yi?" Ɗan Bene ya ce a tsorace.

"Gaisuwa."

Muna kallo Baba ya shafa aljihu, ya ciro waya, ya duba. Ya ɗora yatsa a baki yana yi wa Anti Nas alama. Ya zauna da sauri, har da ɗaga ƙafa ya ɗora a kan kujerar katakon, sai ka ce ta waya ake ganin ƙafa.

"Auta…" Muryar nan a shaƙe, can ƙasa. "Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙafar?"

"To… da sauƙi za a ce. Yau dai ko tsakar gida ban iya leƙawa ba."

Ɗan Bene ya toshe baki da hular kwano ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

"Sannu, Baba. Allah ya ƙara sauƙi." Na gyara riƙon wayar. "Dama… maganar nan ce da Gwaggo take ta yi. In ta sake zuwa, ka ce mata na ce to."

Kafaɗun Ɗan Bene suka tsaya cak. Ya juyo a hankali, ido waje, takalmana a rungume a ƙirjinsa.

Ni kuwa Baba nake kallo. Na ɗauka zai yi tsalle, ko ya ɗaga wa Anti Nas babban yatsa, tunda hanya ta buɗe masa. Bai yi ba. Ya sauke wayar a kan cinya. Ya cire hula ya rufe fuska da ita. Anti Nas ta miƙe tsam, ta koma wajen igiyar shanya ta ba shi baya, tana gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

Da ya mayar da wayar kunne, muryarsa ta gaskiya ce ta fito, ba ta ciwon ƙafa ba.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya sa gidan zamanki ne." Ya goge ido da hular. "To yanzu wa zai riƙa ɓoye mini sukari?"

Nan na rushe. Hawaye, majina, komai. "Baba, ai ba nisa zan yi ba. Ka daina kuka, ga shi har ka jiƙa hular. Daga falo ma ina hango ka."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

Ƙafar nan ta sauko daga kan kujera a hankali. Baba ya ɗago kai, ya bi rufin maƙwabta da kallo, ya haura, ya haura, har idonsa ya sauka a kan tudu, a kan wani bene mara rufi da mutum biyu tsaye a bakinsa. Ɗan Bene ya yi wuf ya tsuguna a bayan bulon da bai wuce gwiwa ba.

"Tun yaushe kike wurin?"

"Tun… tun kana kan kujera, Baba."

Ya yi gyaran murya. Ya sake yi. "Wancan da ya ɓuya, kansa a waje yake. Ki ce masa ya tashi."

Ɗan Bene ya miƙe, ya rusuna wa unguwa guda daga saman bene.

"Nan ne tagar za ta zauna?"

"Nan ne, Baba. In ka yarda."

"A bar ta. Amma ki ce masa ya sa mata labule mai kauri."

Can na hango Anti Nas ta gane abin da ake ciki. Ta rarumi jakar awon jininta, gwaiba na zubewa daga mayafi, ta nufi ƙofa da sauri. Baba ya miƙe, ba sanda ba ɗingishi, ya riga ta isa. Bai taɓa ta ba, tsayawa kawai ya yi a bakin ƙofar ya nuna mata kujerar Umma. Ta daɗe a tsaye kafin ta koma ta zauna, kanta a ƙasa.

"Auta," ya ce, "sauko ki zo gida. Ni ma akwai maganar da na daɗe ina juyawa na rasa ta inda zan fara. Ki zo ki gaishe ta."

Ya kashe wayar.

Ɗan Bene ya leƙa ƙasa ya ce wa magini a dakata da bulon yamma. Sannan ya durƙusa ya ajiye mini takalman a gabana, yana ta murmushi ya kasa rufe baki, yana tambaya ko da gaske na ce to, ko in maimaita ya ji da kunnensa. Na ce ya bari tukuna mu sauka.

Muka sauko. A tsakiyar matakalar, inda ya ce zai sa benci, na zauna a kan siminti da rigata mai duwatsu. Daga nan zuwa ƙofar gidanmu gangarowa ce kawai, kuma tun ina ƙarama nake gaida matar nan da Anti. Yau ban san da wane suna zan gaishe ta ba.